Ranar da Mitar Ya Ƙi Zama a Kotor

Mitar bai taɓa barin gidansa ranar Waliyyi Luka ba sai bara.

Kowane gida a ƙauyenmu da waliyyinsa, wanda aka gada kaka da kakanni, kuma ranar waliyyin nan ita muke kira slava. A gasa babban burodi, a kunna dogon kyandir tun da asuba, a bar ƙofa a buɗe, duk wanda ya shigo ya ci ya sha. Maigida kuwa ba ya zama. Muddin kyandir na ci yana tsaye yana hidima, ko da tsufa ya lanƙwasa shi. Abin kuma ba ya tsallakawa da kansa daga uba zuwa ɗa. Sai uba ya karya burodin tare da ɗansa a ranar, hannu da hannu, ya ba shi rabonsa. In mutum ya mutu bai miƙa ba, sai a ce kyandir ɗin gidan wane ya mutu. A wurinmu babu maganar da ta fi wannan ɗaci.

Mitar magini ne na katangar dutse, irin wadda ba a sa mata siminti. Mutum ne marar yawan magana, in ya ɗaga dutse sai ya juya shi ya sake juyawa kafin ya ajiye, haka kuma yake yi wa kalma. 'Ya'yansa mata uku sun yi aure, kowacce ta bi waliyyin mijinta. Namiji ɗaya gare shi, Obren, autansu, wanda ya ce dutse ba ya ciyar da mutum, ya tafi aikin kicin a manyan jiragen ruwan nan masu yawo da baƙi. Ya daɗe rabonsa da gida.

Da rani Mitar ya fara ramewa. Likita ya duba hoton cikinsa, ya daɗe yana gyara tabarau, sannan ya ce masa in yana da abin da bai kammala ba, ya kammala. Matarsa Darinka kaɗai ya gaya wa, ya kuma hana ta gaya wa yara.

Ana cikin haka, kaka ta shigo, sai ga wayar Obren.

"Baba, ka san inda jirginmu zai tsaya ran Luka? Kotor, tashar da ke gindin dutsenmu! Ƙarƙashin hancinka. Mu iso da safe, mu tashi kafin rana ta faɗi."

"Za su bar ka ka hawo?"

"Ina! Ɗan lokaci suke ba mu da rana, shi ma in sun ga dama. Kafin in hau dutsen nan an tafi an bar ni."



"To ni zan sauko," in ji Mitar.

Darinka na tsaye a bakin murhu ta juyo. "Ranar slava? Ka bar gida? Tsoho, ciwon ya hau kai ne?"

"Ke za ki tsare kyandir."

"In baƙi suka ce ina maigida fa?"

"Ki ce ya je kai wa ɗansa burodi."

Ta dube shi, ta dubi wuyansa da ya yi wa riga kaɗan. Sai ta ɗauko rariya ta hau tankaɗe.

Ranar, tun gari bai waye ba ya kunna kyandir da hannunsa. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci da hular nan tamu mai jan sama da baƙin gefe. Darinka ta naɗe burodin a farin ƙyalle. Ta ƙawata samansa da kurciyoyi da zangarniyar alkama na ƙullu, limamin coci kuma ya sa masa albarka tun daren jiya, amma ba a yanka ba. Ta cusa masa 'yar kwalbar ruwan inabi a aljihu.

"Kyandir ɗin dogo ne, amma ba igiya ba ne," ta ce. "Kada ka tsaya kallon matan birni."

A bas ɗin safe fasinja bai fi a ƙirga da yatsu ba. Mitar ya shiga ya kama ƙarfe ya tsaya.

"Kawu Mitar," in ji Savo direba, "ga kujeru fayau kamar coci ranar Talata. Zauna mana."

"Slava ce."

"To har a mota? Waliyyi ba ya hawa bas."

"Kyandir na ci."

Savo ya girgiza kai, amma duk wanda ya san tuƙinsa ya san ranar ya sassauta ƙafa. Hanyar tana naɗewa a jikin dutse kamar macijin da aka taka. Kowace kwana sai ta wurga Mitar gefe, shi kuwa hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya rungume da burodi. Da suka ɓullo inda ake hango ruwa sai ya ga jirgin, fari ƙal, ya fi garin da ke gabansa girma. Bai matso bakin gaɓa ba. Can tsakiyar ruwa ya tsaya, ƙananan jirage na ta kai da komo a gindinsa kamar 'yan tsaki.

Yana yaro yakan sauko Kotor da uwarsa ta hanyar jakuna, su sayar da cuku a gindin ganuwa, su koma kafin duhu. Da ya girma nan yake zuwa sayen guduma da kurfi. Ganuwar tana nan, ƙofar tana nan, amma mutanen da ke tururuwa cikinta bai san harshen ko ɗaya ba. Ya kutsa, ya je gindin hasumiyar agogo inda suka yi alkawari, ya tsaya.

Baƙin suna tafe garke-garke, kowane garke da mai ja-gora a gaba ya ɗaga lema a rufe. Mitar yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Su ma suka fara duba shi. Tsoho da hular gargajiya, ya miƙe sambal, ga abu a farin ƙyalle: suka ɗauka an ajiye shi ne don a kalla. Wayoyi suka tashi sama. Wata mai gajeren wando ta zo ta saƙalo hannunsa tana washe baki, mijinta na ɗauka. Wani ya ɗora masa tsabar kuɗi a kan ƙyallen burodin. Mitar ya karkata ƙyallen kaɗan, kuɗin ya faɗi ya gangara tsakanin duwatsu. Kunnuwansa suka yi zafi, amma bai gusa ba, don kada Obren ya zo ya rasa shi.

Rana ta take tsaka, ƙararrawa ta kaɗa, sai wayarsa ta yi ƙara.

"Baba." Muryar Obren ƙasa-ƙasa, ga ƙarar tukwane a bayansa. "An hana fita. Mutum uku na kwance ba lafiya, aikinsu ya dawo kanmu. Na roƙa, na roƙa. Ka yi haƙuri ka koma gida. Baɗi in Allah ya kai mu zan ɗauki hutu, mu yi ta yadda ya kamata."

"Baɗi," in ji Mitar.

Maganar ciwon ta zo har bakinsa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ga ba dutsen da za a ɗora wa yaro ta waya ba ne.

"Ina nan tsaye," ya ce.

"Baba, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Ina nan."

Wani ya daka wa Obren tsawa daga can, wayar ta mutu.

Daga nan bai san yadda aka yi ba, wani garke ya kwashe shi ya shigar da shi lunguna. Lungunan Kotor matsattsu ne, in mutum ya buɗe hannu sai ya taɓa bango biyu. Shagon da yakan sayi kurfi yanzu hotunan kyanwa ake sayarwa a ciki. Ciwon ya farka, ya fara murɗa shi daga ƙarƙashin haƙarƙari. Ko'ina kujeru ne, kujerun masu shayi, kujerun masu abinci, sun cika fili, wasu ba kowa a kansu. Ya kawar da kai kamar mai azumi a bakin rijiya.

Sai ga shi a gaban ɗan ƙaramin cocin Luka. Ya cire hula ya shiga. A ciki ma hoto ake ɗauka. Ya matsa gaban hoton waliyyin, ya yi magana can cikin maƙoshi.

"Ka san ni. Tun ina riƙe wa ubana kwalba nake maka tsayuwa. Ban taɓa roƙonka komai ba sai ruwan sama, shi ma ba kullum ka ba ni ba. Yaron yana can, ina hango shi, kai ma kana hango shi. In gidan nan ya ishe ka ne, ka faɗa mini in sani."

Wani ya taɓa kafaɗarsa, wai ya ɗan gusa ya tare hoto.

Ya fito ta ƙofar gari ya nufi bakin ruwa. Akwai wani mai kwale-kwale da ke kai baƙi yawo, Mitar ya tambaye shi ko zai kai shi gindin jirgin.

"Gindin wancan? Baba, in na matsa kusa da shi da tiyon ruwa za su kore mu, gobe kuma a karɓe mini takarda. Ka je ka yi me, ka ƙwanƙwasa?"

Mitar ya tsaya yana kallon tagogin jirgin, jere bisa jere, ƙanana kamar ramukan zuma. A bayan ɗaya daga cikinsu ɗansa na wanke tukunya.

"Kai, wa nake gani kamar Mitar mai katanga? Wa ya mutu ka sa kwat?"

Zagorka ce, daga ƙauyen da ke bayan namu, mai sayar da cuku a kasuwar gindin ganuwa. Sa'ar Darinka ce, bakinta kuma ko reza albarka. Da ta matso ta ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Ta ja shi rumfarta, ta juye wani akwakun katako ta tura masa.

"Zauna, ka yi fari kamar cukuna."

"Slava ce, 'yar'uwa."

"Yau Luka, na sani. To me kake yi a nan?"

Ya nuna jirgin da haɓa, ya nuna burodin. Zagorka ta dube shi daga hula har takalmi, ta gane abin da bai faɗa ba.

"Luka fa likita ne," ta ce. "Da zai gan ka, shi da kansa zai ce a ba ka gado."

"Kyandir na ci."

"Ku mutanen dutse, kanku ya fi katangarku tauri. To jingina. Ko jinginar ma haramun ce?"

Ya yi tunani, ya ga bai taɓa jin an hana ba. Ya jingina da ganuwa. Ta ba shi ruwa ya kurɓa, bai zauna masa ba.

Waya ta sake ƙara. Darinka ce.

"Kun karya?"

"Tukuna."

"Tukuna! Baƙi sun gama da naman ragon, sun koma kan naka. Kyandir saura kamar faɗin tafin hannu, tsoho. Na rufe taga don kada iska ta cinye shi."

"Ki tsare shi."

"Ka ci wani abu?"

"Ki tsare shi, Darinka."

Zagorka na ji. Ta ce, "Ni da ni ce, sai in ce ta kashe shi kawai ka samu ka zauna. In yaron ya fito a sake kunnawa."

Kallon da Mitar ya yi mata, ita da ba ta jin kunyar kowa sai da ta sunkuyar da kai ta hau gyara cukun da ba ya bukatar gyara.

Rana ta fara gangarawa bayan dutsen da ke ƙetaren ruwa. A Kotor in kaka ta yi, inuwa da wuri take rufe gari. Garkunan baƙi suka juya, suna fitowa ta ƙofa da ledoji, suna nufar inda ƙananan jirage ke kwasarsu. Duk wanda ya tashi cike, Mitar sai ya ji kamar daga jikinsa aka yanka. Sau ɗaya idonsa ya yi duhu, burodin ya suɓuce, ya cafe shi da ƙirji da gwiwa. Kan kurciya ɗaya ya ɓalle. Ya tsaya yana kallon guntun a ƙasa, ya kasa sunkuyawa, don ya san in ya sunkuya ba zai miƙe ba.

Wayar ta yi ƙara a karo na uku.

"Baba, kana ina? Kada ka ce mini har yanzu..."

"Ina nan."

"Wayyo Allah. To ji. Na ba wani abokin aikina ranakun hutuna, ya bar mini aikinsa. Ni zan tsaya a rumfar bakin ruwa ina miƙa wa masu komowa ruwan sanyi da tawul. Ba zan iya fitowa ba, amma akwai shinge. Zo bakin shingen, ta hagu. Yi sauri."

Tafiyar ba ta da nisa, amma ƙafafunsa sun zama na aro. Zagorka ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta kama gwiwar hannunsa.

"Kada ki riƙe ni."

"Wa ya riƙe ka? Burodin nake tsarewa."

Shingen na ƙarfe ne, ya fi mutum tsayi, sandunansa a matse. Can ciki, ƙarƙashin farar rumfa, wani mai farar riga na miƙa tawul da ɗan ƙarfe yana murmushi. Ya yi ƙiba, gashin gabansa ya fara gudu. Mitar ya gane shi ta yadda yake karkatar da kai, irin na uwarsa. Obren ya waiwayo, ya ga hular, ya ajiye faranti ya taho da gudu. Saura taku kaɗan ya ja ya tsaya. Ya dubi kwat ɗin da ke rataye a jikin uban kamar a kan ƙusa.

"Baba. Tun yaushe?"

"Tun rani. Ba wannan ya kawo ni ba. Kawo hannunka."

"Me ya sa ba ku..."

"Hannunka, Obren."

Mitar ya kwance ƙyallen. Sai ga mai gadin wurin, wani ƙato mai tumbi, mutumin bakin ruwan nan ne da ganin sa.

"Baba, ba a miƙa kaya ta shinge. Ga na'ura can tana kallo. Ko allura ta wuce, aikina ya tafi, nasa ma ya tafi." Ya dubi burodin, ya ga kurciyoyin, muryarsa ta sauka. "Luka?"

"Luka."

"Waliyyin gidanmu Nikola ne." Ya sosa ƙeya. "Amma doka doka ce. Ko na bari, a bakin jirgi za su karɓe su jefa a shara."

"Abin da ke cikin ciki fa?" in ji Zagorka. "Shi ma ana lalubewa?"

Mai gadi ya dube ta, ya dubi Mitar. Ya juya ya ba su baya, ya tsaya daidai tsakaninsu da na'urar, ya ce shi dai teku yake kallo, kuma yau tekun ya yi kyau.

Obren ya riƙe sandunan. "Baba, ni fa ba ni da gida. Mu huɗu ne a ɗaki, ko ashana ba a bari mu kunna. A ina zan yi slava?"

"Kakanka ya yi ta a sansanin fursuna da ɓawon burodi. Jirginku ba ya taɓa ƙasa ne? In ya taɓa, sauka ka kunna."

Ya kifa burodin, ya zaro 'yar wuƙarsa ya tsaga gicciye a ƙasansa. Zagorka ta buɗe masa kwalbar, ya zuba ruwan inabin a tsagar. Burodin ba zai shiga tsakanin sanduna ba, sai ya manna shi a jikin shingen, Obren ya zuro yatsu ya kama gefe. Haka suka juya shi a hankali, yana gogar ƙarfe, ɓawon na zuba. Sannan suka ja, ya karye.

"Almasihu na tsakaninmu," in ji Mitar.

"Yana nan, zai kuma kasance," in ji Obren.

Sumbar da ake yi wa juna bayan an karya burodi ba ta yiwu ba, goshi kawai suka haɗa ta tsakanin ƙarfe.

Daga rumfa wata mai rediyo a kafaɗa ta fara kiran sunan Obren, layin baƙi ya taru ba mai ba su tawul. Mitar ya gutsuro daga rabon ɗan ya zura ta shinge, Obren ya buɗe baki ya karɓa. Ya sake gutsurowa. Burodin Darinka mai nauyi ne, kayan adon samansa kuma da gishiri aka kwaɓa, sun yi tauri kamar tsakuwa. Obren na tauna, yana haɗiya da ƙyar, hawaye da majina na zuba, kumatu sun cika.

"Baba, zan shaƙe."

"Ci. Kana yaro ma haka kake cewa."

"Har kurciyar?"

"Har ita. Uwarka ta kwana a kanta."

Ya cinye har guntun ƙarshe. Ya goge baki da hannun farar rigarsa, ruwan inabi ya ɓata ta. Matar ta sake kira, wannan karon da faɗa. Ya ɗaga mata hannu, ya juyo ga ubansa.

"Yanzu wane ne maigida?"

"Kai ne."

"To zauna, Baba. Ni aikina tsayuwa ne har a rufe kicin, waliyyi ba zai yi ƙorafi ba. Zauna in gani kafin in tafi."

Ashe Zagorka tun daga kasuwa ta taho da akwakun a ɗaya hannun. Ta dire shi a bayansa. Mitar ya saki shingen, gwiwoyin suka naɗe da kansu, ya faɗa a kai. Obren ya tsaya ya ga ya zauna, sannan ya koma da gudu ya ɗauki farantinsa.

Mitar ya lalubo waya ya kira gida.

"Kyandir yana ci?"

"Saura ɗan yatsa. Tsoho, ka yi magana mana!"

"Ya karɓa."

Bai ji abin da ta ce ba, don kuka ya riga maganar.

Yana zaune a wurin aka naɗe farar rumfar, ƙaramin jirgi na ƙarshe ya tashi, Obren da tabonsa a hannun riga yana tsaye a bayan jirgin bai zauna ba har suka isa. Babban jirgin ya yi kuka, duwatsu suka amsa, ya juya a hankali. Da lokacin bas ya yi Mitar ya yunƙura ya kasa, sai da Zagorka ta je ta kirawo Savo suka ɗaga shi, sauran burodin na kan cinyarsa.

Mitar bai ga narkewar ƙanƙarar bana ba, cikin sanyi ya rasu. Ran Luka ta bana Darinka ta zagaya da waya gida-gida tana nuna hoto: Obren a bakin wata tashar ruwa da ba ta iya faɗin sunanta, yana tsaye, ya kare kyandir da tafin hannu saboda iska. Ta ce burodin da ya gasa ko kare ba zai ci ba, amma ta ƙi barin kowa ya riƙe wayar.